Aminiyata za ta yi dina a Masar, ni kuma kuɗin adashe kaɗai gare ni

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, yarana biyu, babbar shekararta 6 ƙaramin 2, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi, a gefe kuma ina ɗan yin zoɓo da kunun aya ina kaiwa shaguna. Ina da aminiya tun makarantar kwana, gadonmu ɗaya ita sama ni ƙasa, har iyayenmu sun san juna ta dalilinmu. Lokacin bikina ita ta tsaya a kan komai, da na zo haihuwar fari aka yi min aiki ita ta kwana da ni a asibiti saboda lokacin Umma ba ta da lafiya. To yanzu Allah ya kawo nata, ɗan wani babban mutum za ta aura. Lalle da kamu da ɗaurin aure duk a nan Kano za a yi, amma dina da wani yawon jirgin ruwa a kogin Nilu a Alƙahira za a yi su, ƙarshen Disamba. Ta buɗe guruf na ƙawayen amarya mu 12, sunana ne ma na farko. Gidan ango sun ce otal na kwana uku da abinci nasu ne, tikiti da biza kuma kowa ta ji da kanta. Anko kala biyu dubu 190 banda ɗinki, ejan ya ce tikitin zuwa da dawowa a wannan lokacin zai haura miliyan ɗaya, ga shi ni ko fasfo ban taɓa yi ba. Abin da nake da shi adashe ne, zan kwashi dubu 900 a Nuwamba, kuma tun farko na yi niyyar firiza mai sola zan saya saboda rashin wuta yana lalata min kaya. Wata a guruf ɗin ta ce in cika da bashin waya ko in sayar da sarƙar gwal ɗina ta lefe, wai ai biki sau ɗaya ne. Abban yara da na gaya masa shiru ya yi, can ya ce min "ki yi yadda kika ga ya dace". Umma kuwa cewa ta yi ita ba ta ga dalilin da mace za ta bar yara ta hau jirgi ba muharrami don cin shinkafa ba. Wallahi Anti kunya nake ji, da wane ido zan kalle ta in ce ba zan je ba bayan duk abin da ta yi min? Kuma in faɗa miki gaskiya ni ma ina son zuwa, ban taɓa hawa jirgi ba. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren aminiyarki, ya bar ku tare har tsufa. Na ji daɗi da kika fito fili a ƙarshe kika ce ke ma kina son zuwa, domin da yawa in sun rubuto sai su ce zumunci ne kawai ya dame su, alhali rabin abin kwaɗayin ganin gari ne, kuma wannan ba laifi ba ne ko kaɗan, wa ya ƙi ya ga Nilu da idonsa? To amma tunda ra'ayina kika nema bazan yi miki kwana-kwana ba. A yadda kika zayyano min lamarin, kuɗin firiza a haɗa da bashi ko gwal, miji bai ce e ba, ni dai ban ga tafiya a nan ba. In wani abu ya canja a lissafin to zance ya canja, kuma zan faɗa miki yadda ake shirin tafiyar in ta tabbata, amma bari mu fara da abin da yake ƙasa.

Ɗauko biro mu yi tare. Dubu 900 ki cire anko 190, saura 710. Fasfo tun daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma dubu 100, mai shafi 64 na shekara 10 kuma dubu 200, mu ce ƙaramin za ki yi, saura 610. Tikiti ejan da bakinsa ya ce ya haura miliyan, kinga tun ba a je ko'ina ba kina neman cikon dubu 390 da ɗoriya, kuma fa ba mu taɓa kuɗin biza ba, ba mu biya tela kala biyu ba, kinsan telan da zai ɗinka kayan da za a shiga hoton irin wannan biki ba na bakin layi ba ne, ga takalmi da jaka, ga mai kwalliya da mai ɗauri wanda a can da kuɗin waje za a biya su, ga liƙi, ga gudunmawar da dole ki ba ta, ga guzurin dala a jaka, ga tsaraba domin ba yadda za a yi ki dawo daga Masar hannu rabbana ki shiga gidan surukai. Duk wani abu da ya shafi jirgi da ƙasar waje da dala ake auna shi, dalar da kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, shi ya sa tafiyar da yayyenmu suke yi a da da kuɗin adashe yanzu adashen ba ya kaiwa ko'ina. Akwai kuma wani ramin da mutane ba sa gani sai sun faɗa, wato kwana ukun da aka ce an biya. Ba lallai ranakun jirginki su yi daidai da ranakun biki ba, in kika sauka kwana ɗaya kafin a buɗe muku ɗaki ko jirgin dawowa ya zama sai washegarin ranar da aka sallame ku, wannan daren daga jakarki zai fita, a otal ɗin da masu kuɗi suka zaɓa ba ke kika zaɓa ba.

Sannan ki leƙa bayan biki. Kina dawowa Janairu ce, kuɗin makarantar zango na biyu na jira, bayansa da 'yan makonni azumi ya kama, daga nan zafin Maris da Afrilu, wato daidai lokacin da mai zoɓo da kunun aya take cin kasuwarta ta shekara. Firizar nan in kika saye ta a Nuwamba kafin sallah ta fara dawo da kuɗinta, in kuma kika hau jirgi da ita to za ki shiga azumi kina sayen ƙanƙara da tsada kina zubar da kunun da ya yi tsami, ga zubin adashe bai ƙare ba tunda wanda ya kwasa ai ci gaba yake da zubi.

Ita kuma wadda ta ce ki ci bashin waya, Allah ya shirye ta, ranar biya ba za ki gan ta ba. Waɗannan masu bashin manhaja ruwa suke ɗorawa mai nauyi cikin 'yan makonni, kuma an san halin wasunsu na bin lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara kai musu samame a 2022. Ki yi tunanin irin saƙon nan ya faɗa wayar shugabar makarantarku ko ta surukarki. Banda haramcin riba da kika sani na sani. Gwal kuwa halalinki ne, ba mai hana ki sayarwa, amma ki sani ranar da kika kai shi kasuwa nauyinsa kawai za a auna a biya ki, kuɗin ƙira ya tafi, kuma da yadda farashinsa yake ta hawa, a 2025 ma ya kafa tarihin tsada a duniya, da wuya ki iya mayar da irinsa nan kusa. Mata suna ajiye gwal ne saboda ranar asibiti ko ranar da haya ta ƙare ba a shirya ba, Allah ya kiyaye, kuma ke da kika taɓa shiga ɗakin tiyata kin fi kowa sanin yadda irin ranar take zuwa ba sallama.

Sai Abban yara. Ƙanwata, "ki yi yadda kika ga ya dace" ba izini ba ne, kin fi ni sanin mijinki amma duk wadda ta ɗan kwana biyu a gidan aure ta san wannan muryar. Ban ce mugunta yake yi ba fa. Mai yiwuwa nauyi yake ji, ƙawayenki mazajensu sun tura musu alat shi bai iya ba, namiji kuwa gara ya yi shiru da ya furta wannan da bakinsa. Mai yiwuwa irin tunanin Umma yake yi na muharrami amma ba ya so a ce shi ya raba ki da aminiyarki. Ko dinar ce ba ta kwanta masa ba, maza da mata a haɗe a wata ƙasa ba ya nan, ko kuma kawai yana lissafin wa zai ji da ɗan shekara 2 in ya farka tsakar dare yana kiran Mami. Ba za ki sani ba sai kin tambaya, kuma ba a tsaye yana ɗaura agogo zai fita ba. Ki bari yara su yi barci, ya ci abinci, ki ajiye waya gefe ki ce masa, "Abban wance, maganar tafiyar nan ban fahimci amsarka ba, kuma ba na son in yi abin da ranka bai kwanta da shi ba, in ba ka so ka faɗa min wallahi bazan riƙe ka a rai ba." Daga nan ki yi shiru, kar ki cike masa maganar, ki bar shi ya fito da abin da ke cikinsa. In ya ce a'a to magana ta ƙare, amma ina roƙonki kar ki ɗauki sunansa ki kai guruf ki ce shi ya hana, domin gobe ke za ki manta ku shirya, su kuwa sun riga sun sa masa suna, duk ranar da ya kawo ki wani biki za a riƙa kallonsa ta gefen ido.

Umma ma kar ki ɗauki maganarta a matsayin ta tsofaffi kawai. Zancen muharrami yana da asali a hadisi, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan tafiyar mace cikin amintacciyar tawaga, galibi a babin aikin hajji suka yi shi, to ni ba malama ba ce, wannan ku kai shi gaban malamin da ke da mijinki kuka yarda da shi. Abin da zan iya ce miki shi ne kar ki ɗora wa kanki zunubin rashin amsa gayyata, su malaman da suka ƙarfafa amsa goron walima sun lissafa uzurori, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Balle auren ma a Kano za a ɗaura shi kina gari. Kuma ki tuna in kin tafi ita Umman ce dai za a kai wa yaran, wadda za ta yi reno kuwa tana da ta cewa.

Yanzu amarya, wadda ita ce ainihin abin da ya hana ki barci. Ki ɗan shiga zuciyarta. Da wuya a ce ita ta zaɓi Alƙahira ita kaɗai, irin wannan tsari yawanci daga gidan ango yake fitowa ko daga ƙannensa mata, ita ma wataƙila bin yarima take a sha kiɗa. Ta sa sunanki na farko ne saboda in ba ta sa ba da ke da Umma da duk wanda ya san ku sai kun ce ta samu duniya ta manta da ke, kinga gayyatar girmamawa ce, ba takardar bashi ta aiko miki ba. Duk wanda ya kai bikinsa wata ƙasa ya san ba kowa zai je ba, wasu ma dalilin kai shi can kenan, a rage taro. Kuma macen da ta kwana a kujerar asibiti saboda ke, ta san albashinki ta san zoɓonki, ba na jin za ta so ta ji labarin kin sayar da gwal ɗin lefenki don ki tsaya a bayanta a hoto. Abin da zai ɓata mata rai da gaske shi ne ki yi ta cewa in sha Allah in sha Allah har a kama ɗaki da sunanki a buga kati a ƙirga kujeru, sai ana saura sati ki janye.

Saboda haka cikin satin nan za ki gaya mata, ba a guruf ba, ba ta saƙon murya ba, ki shirya ki je gidansu da ƙafarki, ki kai mata kunun ayanki mai sanyi, ki ja ta ɗaki ku biyu. Abokin kuka ai ba a ɓoye masa mutuwa. Ki ce mata, "Wance kinsan ba ni da kamarki. Na zauna na juya lissafin nan ta ko'ina, Masar ta fi ƙarfina bana, kuma bazan ci bashi in zo ina miki murmushin dole ba. Amma duk abin da za a yi a Kano ki ɗora min a kai, ni ce mai shi." Kar ki yi ta jero uzurori goma, ɗaya na gaskiya ya isa. Kuma dan girman Allah kar ki ƙirƙiri ƙarya, irin su an hana ni biza ko ƙaramin ba shi da lafiya. Ejan ɗaya ne yake muku aiki ku duka, magana ɗaya zai yi asiri ya tonu, ciwon ƙarya kuma ba a jawo wa ɗa.

Aikin Kano ɗin kuma ba na rarrashi ba ne kawai, shi ne mai wuyar ma. Wa zai raka ta wajen gyaran jiki ya zauna da ita ana dilka ana halawa na kwanaki? Wa zai tsaya kan mai lalle ta zo da wuri, ya riƙe mata waya da jaka ranar kamu, ya san inda aka ajiye kuɗin liƙi, ya tabbata ta sa wani abu a cikinta ranar ɗaurin aure da amare suke wuni da yunwa? Sannan ki tambaye ta yaushe za ta tare. In sai sun dawo ne, to ga babbar dama, lokacin da kowa ya kwashe ya tafi Masar ana buƙatar mutum ɗaya amintacce a gari da zai bi gwaggonninta wajen jere, ya ga an ɗaura labule daidai, an jera kicin yadda ita take so ba yadda su suke so ba, a share a goge a turara gidan ya kama ƙamshi, ranar da jirginsu zai sauka kuma a tarar da abinci mai zafi. Ke kika san kalar da take so da wadda ta tsana, sauran sha ɗayan ba lallai su sani ba. Anko ki ɗauki wanda za a sa a Kano kawai, in duka biyun na can ne ki bar su ki ɗinka na kamu, sai ki ware abin da ba zai taɓa kuɗin firiza sosai ba ki saya mata wani abu mai amfani da za ta riƙa gani a ɗakinta.

Za ta iya yin fushi, ki sa wannan a ranki. Amarya ana saura wata biyu biki kanta a ɗaure yake, abu kaɗan sai hawaye. In ta yi miki shiru kwana biyu kar ki rama, kar kuma ki bi ta da dogayen saƙonni na ban haƙuri, ki ci gaba da zuwa ana shirye-shirye da ke kamar yadda kika saba. A guruf kuma layi ɗaya ya isa bayan kin gama da ita, ki ce ba za ki samu zuwa Alƙahira ba amma kuna tare a duk na Kano, shikenan, ba wanda yake bin ki bayani. Ina kyautata zaton kina faɗa za ki ga wata ta biyo ki ta bayan fage tana cewa wallahi ita ma abin ya fi ƙarfinta.

To in kuma ta ce ita za ta ɗauki tikitinki, ko ango ya ce a sa ki a cikin na gida, wanda yana faruwa, kar ki roƙa amma in an yi miki tayi kar ki yi girman kai, ki karɓa ki gode, da sharaɗin Abban yara ya furta yardarsa a fili kuma sauran kashe-kashen ba za su cinye jarinki ba. In haka ta samu sai ki tashi tsaye domin lokaci ya ƙure, wannan ba bikin Maraɗi ba ne da za ki hau mota da safe ta Katsina ki isa. Fasfo za ki fara, ki cike a shafin hukumar shige da fice ki biya a can, ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki sun yi daidai da na NIN harafi da harafi, domin bambancin harafi ɗaya yana iya riƙe mutum makonni. Biza ana nemanta tun daga gida, ofishin jakadancin Masar yana Abuja, kar wani ya ce miki ki hau jirgi kawai a can za a buga miki, kuma ki shirya takardar bayanan asusunki na banki da wasiƙa daga wajen aiki da shaidar masauki. Ki nemi hutu a rubuce ko da makaranta tana hutun zango, saboda dawowa tana iya latti. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, jami'an lafiya na filin jirgi suke bayarwa, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin ranar tafiya ba ne, kuma ki yi allurar da gaske kar ki sayi kati a hannun ɗan kamasho. Kar a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, biki ana ɗaga shi, biza tana makara. EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, in da hali ki bi wanda iyayen amarya mata za su bi, hankalin Umma da na maigida zai fi kwanciya.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe da hannu biyu shi ne maganar saƙo. Tafiyar biki tafiyar kaya ce, za ki ji ana ta "wance ke da ba ki da kaya da yawa riƙe min wannan ledar", "a rubuta akwatin nan da sunanki kilona ya cika". Kar ki yarda, ko wace ce, sai abin da aka buɗe a gabanki kika gani da idonki kika kuma san mene ne. Ki tuna ɗalibar nan da ta tafi umara da mahaifiyarta a Disambar 2018 aka kama ta a Saudiyya, ashe a filin jirgin Kano wasu suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba mai ƙwayoyi a ciki, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019 bayan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gano masu hannu a ciki. Saboda haka in an auna kayanki ki tsaya ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a manna miki, akwati biyu kika bayar to biyu za ki gani, in kin ga uku kar ki matsa daga wajen. Masar ma ba ta wasa da ƙwaya, musamman tramadol, a 2017 wata Baturiyar Ingila ta shiga da kusan 300 a akwatinta ta ce na ciwon bayan wani ne, kotu ta yanke mata shekara 3. Duk maganin da za ki riƙe ya zama a kwalinsa da takardar likita, ƙulle-ƙullen garin magani da kayan mata marasa suna kuwa a bar su a gida, ba ki da Larabcin da za ki yi wa jami'i bayaninsu.

Humra da turare na ruwa a babban akwati ake sa su, ki ɗaure bakin kwalbar da leda ki naɗe ta a cikin zani, domin jakar hannu ba a barin ruwan da ya wuce mil 100, za ki ga an ajiye miki humrarki mai tsada a gefe kina kallo. Abin cajin waya na tafi da gidanka shi kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya. Ankon dina ki sa shi a jakar hannu shi ma, in akwati ya makara kin tsira. Alƙahira a ƙarshen Disamba sanyi ake yi na gaske, da dare yana sauka wajen digiri 10, a kan ruwa kuma ga iska, leshi mai huji-huji ba zai yi miki komai ba, ki tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da mayafi mai nauyi. Kar ki dogara da katin naira, ki canji 'yar dala tun daga kasuwar 'yan canji ta Wapa ki raba ta gida biyu, a can ki canza kaɗan kaɗan zuwa fam ɗinsu, ki riƙe ƙananan kuɗi saboda mutanen wajen akwai son na goro, mai ɗaukar kaya da mai buɗe ƙofa kowa yana jira. Layin waya ana sayarwa a filin jirgi da fasfo, ki saya ki kira gida tun kafin ki fita. Uber yana aiki a garin, ya fi miki tsayawa ciniki da ɗan tasi. Fasfonki da tikitin dawowarki su zauna a hannunki, ba a hannun shugabar ƙawaye ba, ki ɗauki hotonsu ki tura wa maigida, ki riƙe katin otal mai adireshi da Larabci, kuma kar ki fita ke kaɗai da dare. In an samu rabin wuni ku je masallacin Azhar da kasuwar Khan el-Khalili, suna kusa da juna, akwai ɗalibai Hausawa da yawa a garin da za a iya samun wanda ya san hanya ta hannun dangin ango, sai dai ki shiga kasuwar da adadin da kika yanke a ranki, domin abaya da turarukan wajen suna kwashe kuɗin mutum bai ankara ba.

In kuma ba ta samu ba, son hawa jirgin nan kar ki binne shi. Firiza ta zauna ta fara aiki, ki buɗe wani asusu daban ko ki shiga ƙaramin adashe da sunan tafiya, ki gaya wa Abban yara burinki ne wata rana ku fita tare, umara ce ko Masar ɗin ce, a lokacin da ba na tsadar tikiti ba, ku zaɓi masauki daidai aljihunku. Fasfon ma kar ki yi shi yanzu ki ajiye yana cin shekarunsa a durowa, sai tafiyar ta matso.

Ki fara da maigida daren yau ko gobe, ita kuma kafin Juma'a. Ki rubuto min yadda kuka yi, in ya yarda kuma tikitin ya samu ki turo min jerin abin da ejan ya ce ki biya mu duba tare kafin ki tura masa ko sisi. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya ba amarya zaman lafiya, a gaida Umma da yaran.